Kwaɗon Ɗakin Ajiyar Alhaji

A garinmu idan hadari ya taso lokacin kaka, ba a tambayar shanyar waye. Wanda ya fi kusa shi ke kwashewa, ko da jiya ya yi faɗa da mai ita. Wannan ɗabi'ar ce ta kai yayana gidan yari, ni kuma ta kai ni gaban alƙali a Malumfashi cikin hijabin aro.

Ranar kasuwar Bakori ce. Maƙwabcinmu Alhaji ya baza waken suya a ƙofar gida, ya tafi da duk mazan gidansa. Bayan azahar sama ta yi baƙi kamar gindin tukunyarmu. Yaya ya kira wayar Alhaji, a kashe. Matan gidan suka aiko cewa makullin ɗakin ajiya yana aljihun maigida. Sai Yaya ya ɓalle kwaɗon ƙofar, ni da shi muka yi ta jidar wake muna kaiwa ciki har ruwa ya sauko. Ya ja ƙofar ya ɗaure da igiya. Da Alhaji ya dawo, wake na nan a bushe, amma sabon injin feshinsa babu shi. Ya kai ƙara, aka tuhumi Yaya da fasa ɗaki da sata.

Inna ta daina cin abinci. Baba ya samo lauya, wata 'yar siririyar mata mai tabarau, wadda ta ce in aka kama Yaya da laifin zai daɗe a ɗaure. Ta tambayi wa ya ga fitowarsa daga ɗakin. Duk gidan suka juyo suka kalle ni, Baba ya dafe kai. A gidanmu idan na ce na ga ɓera, sai an tambaye ni ko kiyashi nake nufi.

Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na gyara zama na ba ta labari: iska ta ɗauke akuyarmu, ƙanƙara kamar kabewa, Yaya ya ɗauki buhu uku a kafaɗa ɗaya. Ta bar ni na gama, ta cire tabarau ta goge.

"Ƙanwata, akuyar tana ina yanzu?"

Na ce tana turke.

"To bar ta a can. Buhun ma ɗaya-ɗaya ya ɗauka. Duk abin da kika ƙara, a kan yayanki zai faɗo."

Haka ta yi ta aske min labari har ya koma tuwo babu miya. Na kawo shawarar mu ce kwaɗon da kansa ya buɗe don tsufa. Kallon da ta yi min ya sa na janye.

Ranar shari'a aka shigo da Yaya, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ban taɓa ganinsa da kai a ƙasa ba sai ranar. Aka kira ni aka rantsar da ni, sai bakin nan nawa da ya addabi unguwa ya ƙafe. Sau biyu alƙali yana cewa in ɗaga murya, ni ɗin da Inna ke roƙona kullum in rage.

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaye ni ko Yaya ya fasa kwaɗon. A'a ta zo min har bakin leɓe. Na haɗiye ta na ce ya fasa. Ya ce da me.

"Da taɓaryar Inna, ranka ya daɗe. Ni na miƙo masa."

Kotu ta kwashe da dariya. Ɗan sandan ya ce ashe ɓarayin biyu ne, ɗaya aka kamo. Nan take na hango kaina a ɗaure har na yi furfura. Amma da ya tambayi abin da Yaya ya fito da shi daga ɗakin, na ce hannuwansa biyu kawai, sai ƙaiƙayi a gashin kansa. Ya juya tambayar ta gaba ta baya, amsar ba ta canza ba, don ba ni da sauran ƙarfin ƙirƙira.

Aka kira Alhaji, lauyarmu ta miƙe. Ba ta ɗaga masa murya ba, har tambayarsa iyali ta yi. Ta tambaye shi ko ya ga injin a hannun Yaya, ya ce a'a. Ko akwai wanda ya gani, ya ce babu. Sannan ta tambayi wa ya keta dangar gidanmu bara ya kwashe masararmu da ruwa ya tarar da ita a waje muna wurin biki. Alhaji ya gyara hula, ya kalli fankar sama, ya ce shi ne. Ta ce ko ya nemi izini.

"Ana neman izini ne ruwa na zuwa?"

Ya faɗa da zafi, kafin ya ankara da abin da ya faɗa. Lauya ta zauna abinta.

Alƙali ya ce babu shaidar sata, kuma kowa ya ji abin da ya sa aka fasa ƙofar, ya sallami Yaya. Har yau ba a ga injin ba.

Mota ɗaya ce ta rage mai zuwa garinmu, dole muka shiga tare da Alhaji. Aka cusa ni tsakaninsa da Yaya kamar dangar da aka keta. Da muka tsaya a garin Ƙarfi, Alhaji ya sayi rake ta taga, ya karya, ya miƙa wa Yaya rabi ta saman kaina ba tare da ya kalle shi ba. Yaya ya daɗe kafin ya karɓa. Bai sha ba, bai kuma yar ba, ya riƙe shi a cinya har muka hango rumbunan garinmu. Da na ga raken zai bushe a banza, na zare shi a hankali na shanye.