Kashin Katun Da Na Ƙirƙira Wa Ɗan Kawuna

Muna yara a Yelwa, babana ya sayo mana wani kaset na katun, muka yi ta kallonsa har hoton ya fara rawa. Labarin wani jarumi ne mai rufe fuska, yana tashi sama yana kama miyagu a wani babban birni. Turancin ba ma ji sosai, dambe muke bi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk ƙarshen kashi, in ya gama faɗa, sai ya sauka a kan wata gada ya yi ta kallon ruwa, har rubutun ƙarshe ya fito.

A lokacin ɗakin Kaka nake, mahaifiyar Inna. Garinsu na cikin waɗanda ruwa ya ci da aka yi madatsar Kainji. In mun je bakin ruwa sayen kifi, takan tsaya ta ƙura wa tafkin ido, ta nuna mini da haɓa ta ce, "Can inda jirgin nan ya wuce, nan tsamiyarmu take." Tsayuwarta da ta jarumin iri ɗaya ce. Sai na yanke a raina cewa shi ma garinsu na ƙarƙashin ruwan nan, fuskar kuma yana rufe ta ne don kada mutanen birni su gane baƙo ne da aka kwaso.

Mutum ɗaya na gaya wa, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara biyu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira sauran yara ya maimaita musu da irin muryata. Daga ranar na zama "Malamar Katun". Sunan ya bi ni har sakandare. Da na kai ƙara, Inna ta ce ai taubashina ne, wasa yake.

Bayan kusan shekara ashirin, ina koyarwa a wata firamare a Ngaski, wata abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta ta ce in ga ɗan'uwana. Ashe ya buɗe shafi yana fassara tsofaffin katun daga shagonsa na gyaran waya, mutane kuma sun taru a kansa. Bidiyon da ya fi yawo shi ne na jarumin kan gada. Maganata ce kaf, har da tsamiya. Ya ce shi Kaka ke riƙe wa hannu zuwa bakin ruwa, a can ya gano sirrin. Wannan ne ya fi ƙona ni. Kaka ta yi shekara uku a kwance, ni ke juya ta, shi sai da Sallah yake leƙowa.

Na rubuta masa a ɓoye cewa ko sunana ya ambata. Ya amsa da hoton dariya, ya ƙara da cewa, "Ke mi kika sani a katun?"

Na ajiye wayar. Na jira wata biyu, har bikin sunan ɗiyar yayata ya haɗa mu a gida. Na gaishe shi da fara'a, na zuba masa tuwon shinkafa da miyar kifi, na yaba masa bidiyonsa. Yana ci na ce, kamar abin ya faɗo mini ne, "Ka tuna kashin ƙarshe a kaset ɗinmu, wanda jarumin ya nutse ya tarar da ƙofar gidansu, da zanen kifi a jikinta, ya cire abin fuskarsa?"

Ya dakata da loma a hannu. "Na tuna mana," in ji shi.

Babu wannan kashin. A mota na tsara shi, tsakanin Ngaski da Yelwa. Na ƙara masa gishiri: na ce an hana nuna shi, a kaset ɗinmu ne kawai aka yi kuskuren sa shi, ga shi kuma kaset ɗin ya ɓata tun da daɗewa.

Kwana huɗu ya yi. Ya fito da bidiyo ya rantse ya gani da idonsa, har ya ƙara wata tsohuwa a bakin ƙofar wadda ni ban sa ba. Masu bin shafin akwai waɗanda suka tara katun ɗin daga farko har ƙarshe. Suka nemi hujja, ya ce su jira. Suka jera masa kashi-kashi, babu. Da na ga ya fara kame-kame, sai na shiga da sunana na rubuta yadda aka yi: ranar suna, tuwo, zanen kifi, da wadda ta fara ganin garin a ƙarƙashin gada tana shekara tara. Na ɗora hoton amsar da ya ba ni.

Ranar Juma'a, na dawo Yelwa, ya zo gida ya same ni ina tsince wa Inna shinkafa. Bai zauna ba.

"Mi na yi miki da zafi haka?"

"Ka sani."

"A kan katun za ki tozarta ni gaban duniya?"

"A kan Kaka," na ce. "Hannun wa ta riƙe?"

Ya dubi Inna ko za ta sa baki. Ta ci gaba da gyaran kifinta. Sai da ya fita ta ce mini abin da na yi ba halin kirki ba ne, in je in ba shi haƙuri. Na ce to, ban je ba.

Ya goge bidiyon biyu, ya koma tallan wayoyi a shafin. Yanzu in mun haɗu a sha'anin dangi muna gaisawa, ya tambayi makaranta, in tambayi shago. Matarsa ce dai har yau ba ta amsa sallamata.