Matar Yayana da Jami'ar Gidan Sabulu

Ranar da Yaya ya fara kawo ta gidanmu, ta dubi Baba cikin ladabi ta ce, "Ina wuni, yaya kike?" Ni ce autar gidan, sai da na sulale bayan ɗaki na yi dariya har da riƙe ciki. Baba ko gezau bai yi ba, ya ce lafiya lau yake, ya nuna mata kujera. Bayan sun tafi Inna ta ce, "Wannan doguwar, idan ta iya magana, sai ta sayar da mu gaba ɗaya."

Daga wata ƙasa mai nisa ta zo, inda yaƙi ya rufe jami'ar da take koyar da ilimin sinadarai. Ta iso garinmu da akwati ɗaya, rabinsa littattafai. Aikin da ta samu bai kai na da ba, koyarwa ce a sakandaren 'yan mata, amma ban taɓa jin ta raina shi ba. A nan suka haɗu da Yaya, wanda kafinta ne. Makarantar ta ba shi aikin teburin ɗakin gwaje-gwaje, ya yi ya kai, ta zuba ruwa a kai, ruwan ya gangara gefe guda, ta ce ya ɗauke abinsa. Ya gyara ya mayar, ta sake korar teburin. Yaya ya dawo gida yana huci, yana cewa tunda yake bai taɓa ganin mace mai tsiya irin wannan ba. Shekara ba ta zagayo ba ya aure ta.

Ɗalibanta sun sa mata suna Ba-Zama, don ba ta zama a aji, kuma a gida ma da cokali a hannu take zagaye. Ni dai Matar Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce min Auta, har yau da nake da jikoki.

Abin ya faro ne daga tsofaffin ɗalibanta. Wasu sun zama ma'aikatan jinya, wasu suna aiki a kantin magani, duk suna son ƙaro karatu, ga aiki ga yara, jami'a mafi kusa kuma tafiyar yini ce. Suka riƙa zuwa gida da yamma da littattafansu. Falo ya cika, aka koma baranda, maza ma suka fara leƙowa. Wata rana Yaya ya dawo daga aiki ya rasa inda zai ajiye ƙafa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, ko dai ni ma in yi rajista ne in samu wurin zama a gidana?"

Washegari ta ja shi suka je bayan tashar mota, inda akwai wata tsohuwar masana'antar sabulu da aka rufe. Na bi su don son kallo. Rufin ya yoye, tantabaru sun mamaye sama, ga manyan tukwanen ƙarfe sun yi tsatsa, ƙamshin sabulu kuma ya kama bango har yana hawa kai. Ni kango na gani. Ita kuwa tana tafe tana nuni da yatsa, nan aji, nan ɗakin karatu, can inda bututun ruwa yake ɗakin gwaji.

"Auta," ta ce min, "nan jami'a ce."

Na ce, "To Allah ya ba tantabaru ilimi mai amfani."

Mai wurin ya ba ta haya. Yaya ya yi bencuna, ɗalibai suka yi shara da fenti. Ta bi malaman sakandare gida-gida tana roƙonsu su zo su koyar bayan an tashi, kuma ba a cika ce mata a'a ba, don idan ka ce a'a gobe ma za ka gan ta a ƙofarka. Ni da na ƙi karatu, sai ta damƙa min makullai da rajistar ɗalibai, ta ce bakina ya isa ya tsare ƙofa. A haka wurin ya zama kwaleji mai lasisi. Aka sayi masana'antar, aka haɗa da filin bayanta. Duk wanda ya gama a nan, ko ina ya je aiki, ana gane shi da yawan wanke kwalba da ƙin yarda da sakamakon da bai gwada da hannunsa ba.

Cikin ɗaliban farko akwai wani siriri mai aikin gwajin jini a asibiti. Ba ta taɓa rufe baki a aji bai ɗaga hannu ya ce, "Amma Malama..." ba, har sunan ya bi shi, kowa Amma-Malama yake ce masa. Ta kore shi daga aji ya fi a ƙirga. Ita ce kuma ta nema masa gurbin karatu a waje, ya je ya yi digiri har na uku, ya dawo yana koyarwa a wurinta, bai rage gardama ko kaɗan ba.

Da aka nemi a mayar da kwalejin jami'a, hukumar ilimi ta turo masu dubawa. Suka zagaya, suka buɗe famfo, suka shiga aji, suka yaba. Da za su tafi, babbansu, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce yana son ganinta a ofis. Ina wurin, na kawo musu ruwa na ƙi fita.

"Malama," ya ce, "komai ya yi. Sai dai doka ta ce shugaban jami'a sai wanda aka haifa a ƙasar nan. Ba ni na rubuta ba, kuma wallahi da nauyi nake faɗa miki."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga min hannu.

"Dokar ta hana baƙuwa koyarwa?" ta tambaye shi.

"A'a."

"To ku ba mu lasisinmu. Shugaba muna da shi."

Malamai da yawa sun so a sa wani mai saukin kai, ya riƙe suna kawai, ita ta ci gaba da juya komai daga baya. Ta ce ba ta haye ƙasashe don ta yi wa doka wayo ba, kuma jami'ar da shugabanta ɗan amshin shata ne ba za ta yi ƙarko ba. Ta kira Amma-Malama. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Amma Malama, kin san ba zan riƙa bin ra'ayinki ba."

Ta ce, "Da kana bi, da ban kira ka ba."

Faɗin hakan ya fi yin sa sauƙi. A shekarar farko da Amma-Malama ya zama Shugaba, ta kawo wa majalisar jami'a shawarar a buɗe sashen koyon likitanci nan take, don shi ne burinta tun tana ƙasarsu. Shugaba ya ce malaman da za su koyar ba su isa ba, kuma ba zai yaye likitan da shi kansa zai ji tsoron kai masa ɗansa ba. Aka kaɗa ƙuri'a, ta faɗi. An ce min ta miƙe ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ke ba ki da kunya," don in ranta ya ɓaci yaren yakan kuɓuce mata. Ba wanda ya yi dariya sai da ta fita.

Ta dawo gida tana ta safa da marwa a falo. Yaya yana goge wata kujera, bai ɗago ba ya ce, "Ke fa kika zaɓo shi da hannunki."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ta yi makonni ba ta amsa gaisuwar Shugaba, amma ba ta fasa shiga ajinta na 'yan shekarar farko ko sau ɗaya ba. Da fushin ya sauka, sai ta shiga neman tsofaffin abokan aikinta da yaƙi ya warwatsa. Wani yana tuƙin tasi a wata ƙasa, wata tana sayar da magani a wata. Ta bi su da waya, ta dame su, ta sa Shugaba ya yi ta zirga-zirgar nema musu takardar zama, har suka fara isowa da iyalansu. Bayan wasu shekaru sashen likitanci ya buɗe da cikakkun malamai. Ban taɓa jin ta ce Shugaba ya yi gaskiya ba. Abin da take cewa shi ne ya ɓata mata lokaci, shi kuma sai ya yi murmushi ya karɓi jakarta ya raka ta mota.

Yaya ya rasu bayan an yaye likitocin farko. Matar Yaya ta rame, har muka ji tsoro. A daidai nan aka samu zaman lafiya a ƙasarsu, ƙanwarta ta matsa mata ta dawo gida ta huta. Na raka ta filin jirgi, ina ta yi mata tsiya don kada in yi kuka, a raina kuwa na riga na sallama.

Bayan wata biyu ta kira ni ta ce in zo filin jirgi in ɗauke ta, in zo da babbar mota. Na same ta da jikokin ƙanwarta biyu, 'yan mata, kowacce da akwatinta. Ta ce makarantun can ba su farfaɗo ba tukuna, yaran ba za su zauna jira ba. Na tambaye ta yaya gida. Ta ce gida yana nan, ta ga kabarin iyayenta, ta ci ta sha, amma ranar Litinin tana da aji.

'Yan matan suna shekara ta biyu a jami'ar yanzu. Ƙaramar ta faɗi jarrabawar sinadarai a zangon farko, ta zo wurina tana kuka in sa baki. Na je na yi iya ƙoƙarina, Matar Yaya ta saurare ni tsaf, sannan ta ce yarinyar ta maimaita darasin, ta zo da wuri ta zauna a layin gaba.