Turbon da Yaya Ya Ɗaura wa Motarsa

Ni dai ban san hawa ba, ban san sauka ba. Ina zaune a ƙofar gidanmu a Unguwar Shanu ina shan rake, Yaya ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi, ɗan boko, aiki ya same ka." Wai ɗan boko. Ni da na ajiye makaranta a aji huɗu saboda ba ma ga maciji da lissafi. Amma a gidanmu duk wanda ya iya karanta takardar magani ya zama likita, shi ya sa duk wata wahala mai Turanci a kaina take ƙarewa.

Yaya direba ne. Da wata tsohuwar mota yake ɗibar fasinjan jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa cikin gari, kuma da ita gidanmu ke cin tuwo. Damuwarsa ɗaya ce: kafin ya sauke sahun farko ya dawo, abokan aikinsa sun kwashe ragowar mutanen. Sai ya ga bidiyo a waya, wani Bature ya ɗaura wa mota wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wai turbo, motar ta zabura kamar an koro ta. Washegari ya shiga kasuwar Panteka ya fito da irinsa a buhu. Nawa aikin shi ne fassara.

Na kalli bidiyon, na sake kalla. Abin da na tsinta, turbo iska yake cusa wa inji da ƙarfi, kuma Baturen bai daina ambaton fetur ba.

"Yaya, wai sai an ƙara mata mai."

"Wuce wurin. Nemo inda ake ɗaurawa."

Ai dole ya ce in wuce. Tun da fetur ya yi tsada Yaya ya sa aka matse wa motar nan mai, aka sa mata ƙananan nozul masu fesa mai a inji don ta riƙa kurɓa kamar mai shan magani. Tankinta bai taɓa ganin abin da ya wuce galan ɗaya ba. Wutar da ke nuna mai ya ƙare kuwa, baƙin salatif ya manna mata don kada fasinja ya tsorata.

Muka je garejin Oga, wani dattijon bakanike ɗan kudancin Kaduna da ke duba motar tun tana hannun Baba. Ya jujjuya turbon, ya kalli Yaya ta saman gilashi.

"Ɗana, ka san maƙeri? Da iska yake narka ƙarfe. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wutar cikin inji ta fi ƙarfin fistin. Sai ka sa manyan nozul, ka canza famfon mai, sannan mai kwamfuta ya koya wa ƙwaƙwalwar motar sabon awo. Ita fa tsohon awo kawai ta sani."

"Oga, iska kyauta ce. Ita nake so ta yi aikin."

"To kai ta wani wurin. Ba da hannuna ba."

Na ce, "Yaya, ka ji dai, da Hausa aka faɗa wannan karon." Ya make min ƙeya.

Wani mai waldar salansa ne ya ɗaura abin, shi ko tambaya bai yi ba. Ranar gwaji, bayan azahar, Yaya ya sa ni a gaba wai in riƙe bidiyon ko da wani abu zai taso. Muka hau titin Rigasa ya taka totur. Ba zan yi ƙarya ba, motar ta tashi. Tana wani fito, ƙeyata ta manne da kujera, Yaya na wuce 'yan keke-napep yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Sai na fara jin wata ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

"Yaya, Baturen nan ya ce in an ji wannan a ɗaga ƙafa."

"Baturen ne ya saya min motar?"

Ya ƙara muryar rediyo, ya ƙara taka ta. Ba mu kai tasha ba ta yi tari biyu, hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, ta mutu a tsakiyar titi. 'Yan keken da ya ɗaga wa hannu suka zo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa sannun. Wa ya tura? Ɗan boko. Shi yana riƙe da sitiyari yana ce min in ƙara ƙarfi.

Muka kai ta garejin Oga, ya buɗe injin. Fistin ɗaya ya zaro, ya zura ɗan yatsansa ta hudar da wuta ta yi masa a tsakiya, ya miƙa wa Yaya ya ce ya ajiye tarihi.

A gida Umma na tsintar wake a tsakar gida, Yaya ya shigo ya fara kai ƙarata. Wai ban fassara daidai ba, wai da ma boko rabi ya fi jahilci haɗari. Na ce na faɗa sau biyu, Oga ya faɗa sau ɗaya, motar ma da bakinta ta faɗa. Ya ce da na faɗa da ƙarfi da ya ji. Na ce da ya rage rediyo da ya ji. Muka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Umma ba ta ko ɗago kai daga faifan ba.

"Kai babba, ka sa mota azumi, ka ce ta yi tsere, yanzu kuma ka zo tsakar gidana kana neman wanda ya kashe ta?"