Takardar Ƙorafin da Na Rubuta a Kanki, Malama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, wani da muka yi karatu tare ya kira ni ya ce Allah ya yi wa Malamar laburare rasuwa bayan jinyar mako uku. Ina tsakiyar shago, sai da na nemi buhun siminti na zauna.

Malama, da girmana na san ki. Na haura hamsin na koma ajin yamma na ilimin kasuwanci a jami'a, saboda shagon kayan gini da mahaifinmu ya bari ya fara raba kanmu ni da ƙannena. Na zaɓi yin bincike a kan abin da ke kashe kasuwancin gado. Malamina ya ce sai na kawo muƙaloli goma daga mujallun masana, ya tura ni laburare, ɗakin kwamfutoci na bene na biyu, inda teburinki yake gefen taga.

Na miƙa miki takarda yadda nake miƙa wa direbana, na ce ki fitar min da su, zan aiko gobe. Kika jawo kujera kika ce, "Yallaɓai, zauna ka koya. Yatsunka lafiyarsu ƙalau." Ɗalibai suka yi dariya. Na fita rai a ɓace, na rubuta wa shugaban laburare cewa kin wulaƙanta ni, har na ƙara abin da ba ki faɗa ba. Bayan mako biyu aka mayar da ke ɗakin tsofaffin jaridu, can ƙasa, inda ko fanka babu.

Wata guda ina fama ni kaɗai. In zuba taken bincikena gaba ɗaya a rumbun bayanai, ko ya ce babu komai, ko ya kwararo min muƙaloli dubu arba'in. Da wa'adi ya matso, na sauko wurinki ina sunkuyar da kai. Ba ki tambaye ni komai ba. Kika kaɗe ƙurar kujera, kika buɗe tsohuwar kwamfutarki. Kika nuna min yadda ake tsamo kalmomi uku daga cikin take, a rufe su da alamar zance, a taƙaita shekaru, a zaɓi waɗanda masana suka tantance kawai. Dubu arba'in suka koma sittin da biyu. Kika hana ni sauke ko ɗaya sai na karanta taƙaitaccen bayaninta.

A cikinsu na samu wadda ta bi diddigin kamfanonin iyali ɗari biyu, ta nuna yawanci babban ɗa ke kashe su, idan ya ƙi sakin ragama. Kika dube ni kika ce, "Wannan a gida za ka karanta ta, ba don malaminka ba." Ita ta sa na damƙa wa ƙanena harkar sayayya, autanmu kuma reshen shagon na biyu. Har yau tare muke.

Na san an nuna miki takardar ƙorafin nan, da sa hannuna a ƙasa. Shekara huɗu muna gaisawa, kina tambayar iyali, ni kuma kullum ina cewa a raina sai na samu lokacin da ya dace in nemi gafararki. A ɗakin jaridun kika yi ritaya.

Jiya na kai wa shugaban wata takardar, na janye ta farko. Ya karanta, ya ce fayil ɗinki an riga an rufe shi. Shi ya sa na rubuta a nan, inda kowa zai gani: ƙarya na yi miki.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki uku da abokan aikinki, ina kuma roƙonsu gafarar da ban roƙe ki ba. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba su haƙurin rashinki, ni kuma ya sassauta min ranar da za mu tsaya a gabansa ni da ke.