Kanumfarin da Na Tara a Gwangwani

Shekarar da na gama sakandare muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya. A cikinsu na koyi cewa duk abin da saurayi ya ba budurwa adana shi ake yi, a riƙa ɗaukowa ana kallo ana murmushi.

Mai zuwa wurina zance direban adaidaita sahu ne daga Unguwa Uku, mutum mai kunya, kuma ina son sa ƙwarai. Bai daɗe da fara zuwa ba ya soma kawo min kanumfari ƙulle a leda, wani lokacin har da asuwaki. Na ce a raina wannan salon ƙauna ko marubuta ba su san shi ba. Na wanke gwangwanin madara ina tarawa a ƙulle yadda ya kawo. Ko ƙwaya ɗaya ban taɓa taunawa ba.

Zamansa ne ya fara damuna. Da a gefen tabarma yake zama, sai ya koma bakin soro, wai zafi yake ji. Hirar ma ta gajarce. Na tabbata ya samu wata.

Na ɗauki gwangwanina na tafi Tarauni wurin yayata da ke aure a can, na kwashe komai na faɗa mata. Ta dubi kanumfarin, ta dube ni.

"Matso nan. Fito da harshenki."

Na fito da shi.

"Kai! Kamar an shafa koko. Ke buroshin naki da haƙoran gaba kawai yake gaisawa?"

"Yaya, kullum fa ina wankewa."

"Bawan Allah yana ta kawo miki magani, ke kina ajiya kamar kayan lefe. Bakinki wari yake, 'yar nan. Tun daga sallamarki na ji."

Na yi kukana, sannan na duba madubi. Harshen ya yi fari fat har can ciki.

Washegari ta raka ni wurin likitan haƙori. Ya ce harshe ma yana tara dauɗa, sai ana goge shi a hankali. Rashin shan ruwa da ƙin karyawa da nake yi don kada na yi ƙiba suna busar da baki. Ya kuma gano kogo a haƙorina na ciki, ya cike shi. Kanumfari, in ji shi, rufe wari kawai yake na ɗan lokaci.

Sai da harshena ya dawo ja na yarda na fita zance. Na ajiye gwangwanin a gabansa.

"Malam, me ya hana ka faɗa min?"

Ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, ai na yi ta faɗa. Ke ce ba ki kwance ledar ba."

Can da hira ta miƙa, ya cire takalmi ya dawo kan tabarma. Bai tashi ba sai da Baba ya yi gyaran murya daga cikin gida. Kanumfarin kuwa Inna ta ƙarar da shi a kunun tsamiya.