Cerin da Yaya Orval Ya Sare

Yayana Orval Teter, Allah ya jiƙansa, hannunsa ya fi bakinsa sauri. A kwarinmu na West Virginia babu kasuwar shanun da bai fasa wa wani baki a cikinta ba. Shanunsa takwas kaɗai yake tausayi a duniya, ko tsawa bai taɓa daka musu ba.

Rigimarsa da maƙwabcinmu Harlan Sites a kan wata bishiya ce da muke kira cerin daji, da ke kan shingen gonakinsu. Ba wanda ya shuka ta. Tsuntsu ne ya sha 'ya'yan, ya sauka kan wayar shingen ya kasayar da ƙwallon. Da ta yi kauri, masu katako suka fara zagayenta, kowa ya ce tasa ce. Harlan ya ce saiwar na gefensa. Orval ya amsa masa da ƙotar gatari, ya zubar masa da haƙora biyu, shi kuma ya dawo gida da tsagaggen kunne.

Kowa a nan ya san halin bishiyar. Ganyenta in ya yi yaushi guba ne, saniya ta ci rabin kwando, shi ke nan. Shi ya sa in iska ta karya reshe muke rugawa mu janye.

Orval ya sani sarai. Wata safiyar Yuli ya hango shanun Harlan suna kiwo a gangaren, ya sunkuci zarton inji. Na tare shi a ƙofa.

"Yaya, dabbobin me suka yi maka?"

"Matsa, Nelda, ko in haɗa da ke."

Ya kayar da bishiyar cikin gonar Harlan, ya wuce gari shan giya. Gogan bai lura gungumen ya murƙushe shingen ba. Harlan kuwa da jin kukan zarto ya kora shanunsa ya kulle.

Da la'asar shanun Orval suka bi ta ɓarakar, suka ci ganyen da ya yi yaushi. Na same su a zube, suna haki, suna shure-shure, kumfa a baki. Bakwai sun mutu kafin ya iso. Ta takwas, wata ja da ya yi rainonta da madarar kwalba, tana ta buga kai da ƙasa. Da hannunsa ya harbe ta.

Har yau ina jin haushinsa, wallahi, ina kuma jin tausayinsa. Harlan ne ya kawo tarakta ya haƙa ramin binne su. Da aka rufe, ya dubi Orval, iska na fita ta giɓinsa.

"Bishiyar taka ce, maƙwabci. Na bar maka."