Rubutun Da Ya Ƙi Wankuwa

Sallama gare ku, mai shirya wannan jarida da duk wanda za a karanta wa. Ni tsohuwa ce daga Wagini ta ƙasar Batsari, ko alif ban sani ba. Wani maƙwabcinmu malamin makaranta ne yake rubuta mini. Na roƙe shi kada ya gyara mini magana, kada ya sa sunan kowa, in kuma ya ji na yi shiru ya jira ni, kuka ne, zai wuce.

Lokacin da abin ya faru Turawa ba su shigo Katsina ba tukuna. Ina da ƙuruciyata, ɗana ɗaya bai daɗe da yaye ba, ba ni da aiki sai daka da kaɗi. Maigidana mutumin Runka ne, malami kuma bafatake. Da an gama kaka sai ya bi ayari zuwa ƙasar Nufe da kanwa da fatu, ya komo gab da shuka. In yana gari shi ke jan salla a masallacin unguwarmu. Mutum ne mai sanyin murya da son dariya, tun da aka kai ni gidansa bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ina faɗin wannan ne don a san wanda na cuta.

Wata shekara ya zarce har Lakwaja, ya dawo da wani ɗan littafi mai baƙin bango. Ya ce wani baƙin mutum mai tufafin Turawa ne ya ba shi kyauta, wai Linjila ce ta Nasara da harshen Larabci. Littattafan Malam duk warƙa-warƙa suke cikin gafaka, wannan kuwa a ɗinke yake, rubutunsa ƙanana, kowane harafi daidai da ɗan'uwansa kamar ƙwayar gero. Labari ya bazu, mutane suka riƙa taruwa a zaurenmu bayan la'asar, kowa da tambayarsa. Ni kuma ina zaune da mazarina a gindin bangon zauren ta ciki, ba abin da ke wuce ni.

Wani mahauci ya tambaya yaya aka yi Allah ya saukar da Linjila guda, ga shi a nan ana cewa huɗu, ko haihuwa ta yi a hanya. Malam ya ce masa waɗannan labarai ne na mutum huɗu, kowanne ya faɗi abin da ya gani ko ya ji, kamar fatake huɗu da suka dawo daga tafiya ɗaya, wannan ya riƙe ƙetare kogi, wancan ya riƙe jakin da ya mutu. Ko ita ce ainihin wadda aka saukar, ya ce malamanmu sun ce hannun mutane ya shiga, saboda haka shi abin da ya dace da Alƙur'ani ya karɓa, abin da ya saɓa ya bari, sauran ya kama bakinsa. Wani tsohon manomi da ya ji labarin mai shuka ya ce wane irin sakarai ne wannan da zai watsa iri kan hanya da kan falalen dutse, in a Wagini ne ai matarsa ma ƙwace sungumin za ta yi. Aka yi ta dariya har Malam ya share hawaye. Sannan ya ce masa, Baba, ai misali ne, bayaninsa na nan gaba kaɗan, irin magana ce, ƙasar kuwa zukatanmu. Ya ce kafin ka yi gardama da layi, fara sanin labari ne, ko misali ne, ko umarni. Akwai kuma wani maharbi wanda mayaƙan Maraɗi suka kashe ƙanensa, da ya ji inda aka ce in an mare ka a kunci ɗaya ka juya ɗayan, ya tambaya da zafi ko shi ma ɗaya kuncin zai miƙa musu. Malam ya ce a duba wa ake yi wa magana, kuma a kan me. Mari wulakanci ne tsakanin maƙwabta, ba mashi ba ne.

Tambayar da ta fi dawowa ita ce ta inda ake kiran Annabi Isa ɗa. Kowane lokaci Malam yakan karanta wurin yadda yake, ba ya ɓoyewa. Sai ya ce wannan maganar masu littafin ce, kuma wanda ya ba shi ya rantse masa ba haihuwa irin ta mace da namiji suke nufi ba, amma duk da haka mu Musulmi ba mu faɗinta, sai ya biya musu Ƙulhuwallahu. Yana da wata magana da na ji har na gaji da ji. Yakan ce wanda ya yanko layi ɗaya ya bar na gabansa da na bayansa, ya yi wa mai maganar ƙarya ko da bai ƙara harafi ba.

Tsakiyar damina Malam ya tafi Runka ta'aziyyar kawunsa. Washegari ɗana ya tashi da zazzaɓi mai zafi, yana miƙewa yana juya idanu. A gidanmu in yaro ba lafiya Malam ke rubutu a allo, a wanke a ba shi ya sha. Ranar ba Malam, allon kuwa fes. Na tuna ya sha faɗin cewa littafin nan cike yake da labarin Annabi Isa yana warkar da marasa lafiya da izinin Allah. Ni a wurina rubutu duk rubutu ne, tunda da Larabci yake. Na shiga turakarsa, na zaro littafin, na yage warƙa ɗaya daga tsakiya. Na sa ta a ƙwarya na zuba ruwa na murza. Ruwan bai yi baƙi ba. Na ƙara murzawa har takardar ta fara dagargajewa, baƙaƙen suna nan manne a jikin gutsattsarin suna kallona. Na ba yaron ruwan haka nan, fari sol. Kwana biyu ya rasu, Malam ya iso ana dawowa daga kushewa.

Ku yi mini uzuri kaɗan, ko da yake ban cancanta ba. Macen da ta binne ɗanta na fari neman wanda za ta ɗora wa take yi. Ban faɗa wa Malam abin da na yi ba. Yayana na faɗa wa, wanda yake marini ne, hannunsa kullum shuɗi har gwiwa. Na nuna masa gutsattsarin da na ɓoye a bakin zanena. Ya jiƙa da yawu ya goga, ya sa a ruwan toka, bai fita ba. Ya ce mini, ƙanwata, shekara nawa ina aikin launi, tawada gawayi ce da ƙaro, duk tawadar da ɗan Adam ya dama ruwa na cinta. Ya ce dubi ma harufan, wane hannu ne ba ya gajiya ba ya karkacewa. Bai ƙarasa ba, ni na ƙarasa a zuciyata, na ce hannun aljanu.

Daga ranar na zama mai gadin mijina. In yana alwala ina leƙe ta zana ina duba ko ya tsallake wata gaɓa. In ya tayar da salla ina ƙirga raka'a da yatsuna. In ya yi shiru na ce da wani abu yake magana, in ya yi dariya na ce mutumin da ɗansa ya mutu me ya gani na dariya. Ban kama shi da komai ba, rashin kamawar kuma ya ƙara mini zargi, na ce lallai ya iya ɓoyo. Wata rana da hantsi ya kira ni, littafin na buɗe a cinyarsa, ya ce ya ga wata warƙa ta fita, ko na san wanda ya shiga ɗakin. Ba faɗa a muryarsa. Ya ce in ni ce ba komai, takarda ce. Na dube shi na rantse ban sani ba. Da na buɗe baki a wannan hantsin, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Yayana bai riƙe maganar ba. Daga marina ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta kai masallaci. Mutanen da suka yi dariya a zaurenmu su ne suka fara cewa da ma sun ji jikinsu ya mutu tun ranar da aka buɗe littafin. Mahaucin nan ya riƙa kiran Malam limamin aljanu in ya ba da baya. Aka kai magana gaban alƙali a Ruma. Aka kawo ƙwarya da ruwa, aka wanke allon Malam ruwa ya yi baƙi, aka tsoma warƙar littafin ta fito yadda ta shiga. Malam ya yi bayani cewa a Lakwaja an faɗa masa ba da alƙalami ake yi ba, harufan ƙarfe ake jerawa a shafa musu tawada mai haɗe da mai a danna takarda a kai, mai kuwa ba ya jituwa da ruwa. Aka ce wurin ya ɗauki dariya, wani ya ce to ashe maƙera ma sun zama malamai.

Ni ban shiga zauren shari'a ba, wata tsohuwa aka aiko mini a gidan da aka saukar da ni. Ta ce alƙali na tambaya, mijinki yana salla? Na ce yana yi. Ta ce, 'yar nan, ji tsoron Allah, kin taɓa jin ya ambaci Annabi Isa da ɗa da bakinsa? Na ce na ji, ba sau ɗaya ba. Ta tsaya tana dubana, ta ce shi ke nan abin da kika ji? Na ce shi ke nan. Wallahi na ji sauran. Na san abin da yake faɗa bayan haka kamar yadda na san sunana, na san har inda yake jan numfashi kafin ya biya Ƙulhuwallahu. Na yanko layi ɗaya na miƙa mata, na haɗiye na bayansa.

Alƙalin mai adalci ne, Allah ya jiƙansa. Ya sa Malam ya yi kalmar shahada, ya ce ba zai fitar da mai salla daga Musulunci ba. Ya ce kada a ƙone littafin tunda akwai sunan Allah a ciki, a haƙa rami a binne, Malam kuma ya bar karanta wa mutane irinsa. Amma hukuncin gari ya fi na alƙali tsanani, don shaidar matar Malam ta riga mu isa Wagini. Ya shiga gaba zai ja salla, sahu ya watse. In ya aika da tuwo masallaci, a dawo da akushin ba a taɓa ba. Da kaka ta yi ya ɗaure kayansa. Ya zo bakin ɗakina ya ce uwar marigayi, zan koma kudu da zama, in za ki bi ni ga jaki. Ya ce ya san ni na yage warƙar tun ranar da ya tambaye ni, ya kuma san dalili, da shi ne a gida ba malami da shi ma ya gwada. Shaidar da na bayar kuwa bai ko ambata ba. Na juya masa baya na ce Yaya ya hana. Bai sake ni ba. Bayan shekara biyu fatake suka kawo labarin ciwon ciki ya kashe shi a wani zango a ƙasar Nufe, su suka yi masa wanka da salla. Na yi takaba, a raina kuwa har lokacin ina cewa wataƙila gaskiya na yi.

Na sake aure, na haifi wasu 'ya'yan, wannan mijin ma ya riga ni. Sai da furfura ta rufe mini kai wani alhaji a unguwarmu ya dawo da Alƙur'ani bugun Masar, kowane harafi daidai da ɗan'uwansa. Da damina ɗakinsa ya yi yoyo, littafin ya jiƙe sharkaf. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka shanya, mata muka taru muna kallo. Ko ɗigo ɗaya bai goge ba. Aka ɗauki kabbara, ana cewa ku ga ikon Allah, maganarsa ko ruwa ba ya cinta. Na durƙusa na dubi baƙaƙen nan, na gane su. Na yi kururuwa na faɗi, mata suna cewa Inna imani ne ya motsa mata. Daga baya na tambayi alhajin yadda ake yin irin wannan rubutu, ya ce harufan ƙarfe ne da tawada mai mai.

Ban zo in ce wa kowa ya karanta littafin Nasara ko kada ya karanta ba, wannan na malamai ne, ni jahila ce. Abin da na sani shi ne abu ɗaya na gani da idona sau biyu, da muna zargi muka ce sihiri, da muna so muka ce baraka. Mai amsar yana kwana a gidana, yana amsa wa duk garin tambayoyinsu, ni kaɗai ce ban tambaye shi ba. Ku 'ya'yana mata da maza, in abu ya ɗaure muku kai game da mutum, ku je wurinsa kafin ku je wurin wani. In an kira ku shaida ku faɗi magana har ƙarshenta, ko da ƙarshen zai wanke wanda kuke jin haushi. Ban san inda kabarinsa yake ba. Duk wanda aka karanta wa wannan, ina roƙonsa ya yi wa wani malami mutumin Runka Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Yana salla, na ƙirga da yatsuna, bai taɓa rage raka'a ɗaya ba.